Gayyar Ciyawar Baba Nistor

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu, can saman duwatsun Maramuresh, ana ce masa Baba Nistor. Mabiya shafin nan, labarinsa zan ba ku yau, kuma ba a bakin wani na ji ba, da ni aka yi. Har gobe in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya, don saura ƙiris mu kashe bawan Allahn nan da alheri.

Baba Nistor yana da shanu huɗu da filin ciyawa guda a kan tudu, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Matarsa ita ce Inna Palaguta, mace mai kirki amma bakinta ba ya hutawa. Ɗansu ɗaya ne, Mitru, shekararsa goma sha biyu yana aikin gini a Italiya.

Ƙasarmu ta kan dutse ce. Alkama ba ta yi, masara da ƙyar, tarakta ba ta hawa. Ciyawa kaɗai muke da ita, ita muke yanka mu shanya mu tara, shanu su ci wata shida suna ɗaki lokacin dusar ƙanƙara. Madarar shanu huɗu kuwa ba ta riƙe gida a wannan zamani. Abin da ke riƙe da irin su Baba Nistor shi ne tallafin da gwamnati ke ba manoman wuraren da noma ke da wuya, don kada kowa ya gudu birni a bar duwatsun su koma jeji.

Shi Baba Nistor an ƙara masa da wani abu. Ma'aikatan tallafin sun ji kukan wani tsuntsu a filinsa, wanda muke kira kiristel. Ɗan tsuntsu ne mai kama da makwarwa, a ƙasa yake ƙwai cikin doguwar ciyawa, kuma an ce ya kusa ƙarewa. Sai suka ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da shi, za su riƙa ƙara masa kuɗi duk shekara saboda tsuntsun. Ba zai zuba takin zamani ba, ba zai sa inji ba, kuma ba zai yanka ko tsinke ɗaya ba sai ɗaya ga Agusta, lokacin da 'ya'yan tsuntsun suka yi fiffike. Wanda ya karya sharaɗi da gangan, a cire shi daga tsarin.

Ba ƙaramin abu ba ne takardar nan a wurinsa. Mitru ya daɗe yana matsa musu su sayar da komai su koma wurinsa, a wani ɗaki can hawa na shida. Da matsin ya yi yawa, Baba Nistor ya yi masa alkawari a gaban mahaifiyarsa.

"Ran da gidan nan ya kasa ciyar da kansa, zan biyo ka ba gardama. Amma kafin ranar, ka ƙyale ni da shanuna."

Baba Nistor kuwa ba ya magana biyu. Saboda haka in takardar nan ta faɗi, shi ma ya bar dutsen ke nan.

To, yana da maƙwabci mai suna Grigore, sa'ansa ne, tare suka yi kiwo suna yara. Shi ne sarkin gayyar ƙauyenmu, shi ke shiga gaba da lauje mai doguwar ƙota, sauran mu biyo bayansa. Ya iya aiki, wannan ba a ƙwace masa. Amma tun da nake ban taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba. In ya ce yau za a yi rana aka yi ruwa, to ruwan ne bai san aikinsa ba.

Tun ran da aka sa hannu a takardar ya sa Baba Nistor a gaba da tsiya.

"Nistor, ashe yanzu tsuntsu ne maigidanka? In za ka shiga filinka sallama kake yi masa?"

"Ina yi mana," in ji Baba Nistor. "Ya fi ka amsawa da ladabi."

"Mutanen da ba su taɓa wasa lauje ba su ne za su faɗa maka ranar yanka! Allah ya sawwaƙe."

Baba Nistor sai ya yi dariya ya wuce. Bai taɓa tsayawa ya karanta mana takardar ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Abin da muka riƙe kawai shi ne Nistor a makare yake yanka saboda tsuntsu.

Ana cikin watan Yuli, Baba Nistor ya hau tsani zai gyara rufin ɗakin shanu, tsanin ya zame, ya faɗo ya karye a ƙafa. Aka kwashe shi sai asibitin birni, Inna Palaguta ta bi shi jinya. Todosia, matar Grigore, ta karɓi shanun tana tatsa safe da yamma, ba wanda ya roƙe ta.

Kwanaki suna tafiya, kowa ya gama yankansa ya tara, filin Baba Nistor kaɗai ke tsaye a kan tudu, ciyawa har ƙugu. A wurinmu wannan abin kunya ne, kuma ba kunyar mai filin kaɗai ba. Duk wanda ya biyo hanya zai ce mutanen ƙauyen nan ba su da zumunci, mutum na kwance sun bar masa ciyawa tana tsufa.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci, Grigore ya tara mu a ƙofa.

"Jama'a, za mu zuba ido ne? Mutum na asibiti da ƙafa a rataye. In ruwan Agusta ya sauko, me shanunsa za su ci, takarda?"

Wani ya ce, "Ai an ce sai a makare ake yanka nasa."

"Na sani, ni za ka faɗa wa? Za mu jira ranar Annabi Iliya ta wuce. Duk duniya akwai wanda ke kaiwa bayan Annabi Iliya bai yi yanka ba? In ta wuce, ko gwamnati ba ta da ta cewa."

Duk muka gyaɗa kai, har da ni mai wayar zamani a aljihu. Mu da ranakun waliyyai muke lissafin aiki, ba da kalanda ba. Ana fara yanka bayan ranar Bitrus, ana gamawa kafin ranar Iliya, ashirin ga Yuli. A ranar kanta ba mai taɓa lauje, don tsoron tsawa. In aka ce mana "a makare", to bayan Iliya ne, hankalinmu bai taɓa kaiwa can gaba ba.

Kuma ba a tambayar majinyaci kafin a yi masa gayya. In ka tambaye shi, kunya za ta sa ya ce a bari. Sai dai ya dawo ya tarar an yi.

Washegarin Annabi Iliya muka hau tudun, mu ashirin da uku. Muka yi yanka da waƙa, mata suka biyo da manjagara suna juyawa. Rana ta yi mana kyau kwana uku, ciyawa ta bushe tana ƙamshi. Muka kafa sanduna muka tara ta tsibi tara, kowanne ya fi mutum biyu tsawo. Wallahi mun yi aiki, kuma mun ji daɗin kanmu ƙwarai.

Ranar Asabar aka sallamo shi. Muka tarye shi a bakin hanya da keken doki, muka ce kafin ya shiga gida sai ya ga wani abu. Mata sun riga sun hau da tukwane, tuwon masara da cuku da kindirmo, da 'yar giyar da ake dafawa a gida.

Da keken ya sha kwanar ƙarshe, filin ya bayyana a share tas, ga tsibi tara a jere. Muka sa ihu da tafi.

Ina kusa da shi, na ga fuskarsa. Jinin jikinsa ya tsere, ya riƙe gefen keken da hannu biyu. Ni a wautata na ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

Inna Palaguta ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Baban Mitru, yau nawa ga..."

Ya damƙe hannunta. Ya kalle ta, ta haɗiye sauran maganar.

Grigore ya matso yana washe baki. "To, mai tsuntsu, ya ka gani? Mun jira maka har Iliya ya wuce, kada ka ce mun saɓa wa maigidanka."

Baba Nistor ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce a sauko da shi. Ya tsaya a kan sandunansa, ya cire hula.

"'Yan uwa, kun bar aikinku kun zo kun yi nawa. Kwana uku kuna cikin rana saboda ni. Ban da abin da zan biya ku. Allah ya saka da alheri, Allah kada ya kwantar da ɗayanku ya rasa mai yi masa haka."

Ya zauna ya ci tuwo da mu. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da godiya, kowa da sunansa. Har ya yaba wa Grigore yadda ya ɗaure kan tsibin don kada ruwa ya shiga. Inna Palaguta kuwa ko loma ba ta kai baki ba, muka ce gajiyar asibiti ce.

Abin da ya faru a gida, ita ta ba ni labari daga baya. Suna rufe ƙofa ta fashe.

"Sun kashe mu! Kwana goma sha ɗaya ya rage, goma sha ɗaya kacal! Kai kuma ka tsaya kana cire musu hula. Me ya hana ka faɗa musu?"

"In faɗa musu ciyawar ta koma ta tsaya?"

"Ko ba ta tsaya ba, su san abin da suka yi!"

"Maman Mitru, mutum ashirin da uku sun zo da zuciya ɗaya. In na kunyata su a gaban matansu, gobe wani ya kwanta ba mai hawa tudunsa. Ba da ni za a kashe gayya a ƙauyen nan ba."

"To sai mu yi shiru. Wa zai hawo nan ya duba? Ka ja bakinka, ni ma in ja nawa."

"Ke? Ki ja bakinki?" Duk da halin da yake ciki sai da ya murmusa. "Daga sama suke ɗaukar hoton filaye yanzu. Ko ba su ɗauka ba, na sa hannu a takarda. Jibi zan je in faɗa da bakina."

Ranar Litinin ya shiga motar safe da sandunansa, ya sauka ofishin tallafi. Ya tarar da wata ma'aikaciya mai suna Sorina, ba ta wuce sa'ar ɗansa ba. Ya zayyana mata komai, ya miƙa takardar asibiti.

Ta duba ta ɗago. "Baba, ka kyauta da ka zo da kanka. Amma doka tana son a tabbatar ba da saninka aka yanka ba. Takardar asibiti ta nuna kana kwance, ba ta nuna ba ka aika ba. Su wa suka yi yankan? Ba ni sunayensu, su zo su ba da shaida."

"'Yata, in na ba ki sunayensu, a wane layi za ki rubuta su?"

"A layin waɗanda suka yanka kafin lokaci."

"To ba zan bayar ba. Alheri suka yi mini. Ba zan kawo su gaban hukuma a rubuta su a masu laifi ba."

"Ba abin da za a yi musu, Baba. Kai ne za a cire in ba shaida."

"Na ji. Su dai ba su san sun yi ɓarna ba, kuma ba daga bakina za su ji ba."

Sorina ta ajiye alƙalami ta dube shi. "Ranar Alhamis zan hawo in ga filin. Ka yi tunani kafin nan, don abin da na tarar shi zan rubuta."

Ya dawo gida. Da yamma ya sa aka kai masa kujera ɗakin shanu, ya zauna yana shafa wuyan babbar saniyarsa. Inna Palaguta ta ce ta leƙa ta ji yana lissafa mata mutanen kirkin da za su iya sayenta, waɗanda ba sa dukan dabba. Nan ta ce ita kam haƙurinta ya ƙare.

Ranar Talata da safe mata suna layi a wurin da mota ke karɓar madara. Todosia ta ce da ita cikin fara'a, "Yaya Palaguta, ya mai jiki? Ai yanzu hankalinsa ya kwanta, ciyawa na tsibi."

Wayyo, da ba ta faɗa ba! Inna Palaguta ta dire bokiti.

"Ya kwanta mana! Ya kwanta sosai, tunda Italiya za mu tafi mu mutu a hawa na shida! Ɗaya ga Agusta takarda ta ce, ba Annabi Iliya ba. Mijinki mai sanin komai bai iya tambaya ba? Za a cire mu daga tsarin, za mu sayar da shanu. Shi kuma wancan an ce ya kawo sunayenku ya ƙi, wai kada ku ji kunya!"

Ta ɗauki bokitinta ta yi gaba tana kuka. Kafin rana ta take, ba gidan da maganar ba ta shiga ba.

Ni da na ji, sai da na zauna a bakin rijiya. Na tuna yadda Baba Nistor ya riƙe hannuna a kan tudu yana cewa Allah ya yi mini albarka. Kunya ta rufe ni, wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Grigore kuwa da faɗa ya fara, har ana jiyo shi daga hanya.

"Wato mu ne masu laifi? Mun ƙone a rana kwana uku! Wane mahaukaci ne ke yanka a Agusta? Su suka rubuta shirme!"

Todosia ta ce, "Shirme ko ba shirme ba, Nistor dai ya sani tun a kan keke. Ya san ka rusa shi, ya zauna ya ci tuwo da kai, har yana yaba maka ɗaurin tsibi. Kai da kai ne, za ka iya?"

Grigore ya shige ɗaki. Ranar Laraba ba wanda ya gan shi a waje.

Ranar Alhamis da hantsi Sorina ta iso. Aka hau da Baba Nistor a keken doki, Inna Palaguta na gefensa ta kumbura. Sorina ta zagaya tsibin tana ɗaukar hoto, ta dawo ta buɗe takardunta.

"Baba, ka yi tunanin?"

"Na yi, 'yata. Rubuta abin da kika gani."

Ta ɗora alƙalami ke nan sai ta ji motsi daga ƙasan tudu. Mu ne. Tun da asuba Grigore ya bi gida gida yana buga ƙofa, bai ce mana komai ba sai, "Ka sa rigar coci, ka ɗauko katin shaidarka." Mu ashirin da uku, ba wanda ya noƙe, ga matanmu a baya.

Grigore ya zo gabanta ya cire hula. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ran nan, ashe sanƙo ne da shi.

"Ranki ya daɗe, sunana Grigore. Ni na kira gayyar nan, ni na sa rana. Mutumin nan bai sani ba, bai aiko ba, ba mu tambaye shi ba, don a nan ba a tambayar majinyaci. Ni na ce in Annabi Iliya ya wuce shi ke nan." Ya murza hular a hannunsa. "Kuskure na yi. Ki rubuta da manyan baƙi, Grigore ya yi kuskure."

Wata daga baya ta ce, "Ranki ya daɗe, ki ba mu kwafin takardar mu liƙa a coci!"

Aka fashe da dariya, har Sorina sai da ta rufe baki. Muka yi layi, kowa ya faɗi sunansa ya sa hannu. Ta tambaya ko da inji aka yi, muka nuna mata tafin hannuwanmu.

Tana cikin zagayawa ta ƙarshe ta tsaya. Can ƙasan filin, bayan itatuwa inda ruwa ke tsattsafowa, akwai wani yanki babba da ciyawarsa ke tsaye ba a taɓa ba.

"Wancan fa? Me ya sa kuka bar shi?"

Muka juya muna kallon Grigore, don shi ya hana mu shiga wurin ran gayya, ya ce wai laka za ta ɓata lauje. Ya hau sosa ƙeya.

"Laka ce."

"Wace laka a Yuli?" in ji Todosia. "Faɗi gaskiya, yau ranarta ce."

Ya sunkuyar da kai. "Da na kai bakin wurin, uwar tsuntsun nan ta fito da gudu da 'ya'yanta, baƙaƙe ƙanana, sun kai takwas. Duk suka shige can. Ina yaro na taɓa sare sheƙa da lauje, babana ya yi mini dukan da har yau ban manta ba. Sai na ce a bar wurin."

Baba Nistor ya ce, "Grigore, ashe kai ma kana yi masa sallama."

"Kai dai rufe mini baki."

Sorina ta sa muka tsaya nesa, ta taka a hankali zuwa bakin ciyawar, ta tsuguna. Ta fi minti goma ba ta motsa ba. Sai muka ga ta ɗaga wayarta sannu sannu ta ɗauki hoto. Ta dawo tana murmushi, ta nuna mana. Ga 'ya'yan tsuntsun nan biyu a cikin ciyawa, sun fara fiffike, munana da su.

"Ba ni ke yanke hukunci ba," in ji ta. "Bari in kira shugabana."

Tudunmu kuwa da ƙyar waya ke samun sabis. Ta yi gabas ba sabis, ta yi yamma ba sabis, sai da ta hau kan keken doki ta tsaya sannan ta samu. Mu kusan hamsin muka yi tsit muna kallon bakinta. Inna Palaguta ta riƙe hannun Todosia gam, ta ma manta suna faɗa. Baba Nistor shi kaɗai bai ɗago ba, ƙasa yake kallo.

Ta daɗe tana bayani. Muka ji tana cewa, "Da ƙafarsa ya zo, a kan sanduna... Ashirin da uku, duk sun sa hannu... Na gan su da idona, na turo maka hoton." Sai ta yi shiru tana saurare, ta ce to, ta sauko.

"Baba, kuɗin tsuntsu na bana a kan inda aka yanka, wannan ba za a ba ka ba, doka ce. Amma ba za a cire ka ba. Yarjejeniyarka tana nan har ƙarshen shekarunta, tallafin kan dutse ma ba a taɓa shi ba. Takarda za ta biyo baya."

Baba Nistor ya ce, "Sake faɗa, 'yata. Kunnen nan ya tsufa."

"Ba inda za ka, Baba. Kana nan da shanunka."

Sandunan suka zame daga hannunsa. Da Grigore bai tare shi ba da ya sake karya ɗaya ƙafar. Ya zaunar da shi a gindin tsibi, dattijon da ya haɗiye abin nan kwana biyar bai nuna mana ba ya rufe fuska da hula yana kuka kamar yaro. Mu ma ba wanda idonsa ya bushe. Na ji kamar an sauke mini buhu daga kai.

Inna Palaguta ta share hawaye da gefen ɗankwali, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, 'yan ɓarna, kun tsaya kallona? Ku sauko gida ku ci abinci. Amma wallahi duk wanda ya ƙara taɓa mana ciyawa bai tambaye ni ba, da muciya zan bi shi har gidansa!"

Aka yi ta dariya ana gangarawa. Ni na tsaya in taimaka a ɗora Baba Nistor a keke, shi ya sa na ji abin da ya wuce tsakaninsu. Grigore ya durƙusa a gabansa, murya ƙasa ƙasa.

"Nistor, don Allah me ya hana ka zage ni ran nan? Da ka zage ni da na fi samun sauƙi."

"Da na zage ka, da ka hawo yau?"

Grigore ya girgiza kai. "Da ban hawo ba. Da ina gida ina cewa kai ne butulu."

"To ka gani. Ɗaga ni, ƙafar nan ta yi tsami."

Grigore bai jira ni ba. Ya sunkuya ya goya shi a baya, tsoho ya goyi tsoho, ya kai shi har cikin keken.

Darasi: Wanda ya cuce ka garin yi maka alheri, kada ka yi saurin kunyata shi. Ka dubi zuciyar da ya zo da ita, ka riƙe harshenka, ka faɗi gaskiya inda ya kamata ko da za ta cutar da kai. Haƙurin da ka yi da mutane yau shi zai tsayar da su a bayanka ran da ba ka da mai tsaya maka. Kai kuma mai son taimako, ka tambaya kafin ka ɗaga lauje, in ka yi kuskure ka amsa da bakinka. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta labarin nan, musamman wanda kuka san bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.